Tauren da Na Yanka da Hannuna

Tun ina ƙarami a Kaura Namoda ban taɓa ganin mahaifina ya sa wa dabba wuƙa ba. Ba tsoron jini yake yi ba, mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar ƙarfen dogo a kafaɗa a aikin reluwe. Amma duk ranar Kirsimeti da sassafe sai ya zura riga, ya je ya yi sallama a ƙofar wani maƙwabcinmu Musulmi, ya ce masa, "Ga taure can a ɗaure." Wata rana na tambaye shi dalili. Ya ce, "In ni na yanka, mu kaɗai za mu ci. In shi ya yanka, unguwa duk ta ci." Iyakar bayanin da ya yi mini ke nan, da shi kuma na girma.

Mu Kirista ne, gidajenmu ba su da yawa a garin, kuma ba mu da wani harshe a gida sai Hausa. Karatuna bai wuce firamare ba. Na koyi gyaran keken ɗinki, na yi aure, na gina ɗan gidana a bayan tasha. Wanda muka haɗa katanga da shi direba ne, mutumin Zurmi, yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake kai 'yan kasuwa Shinkafi. Ya girme ni da kaɗan. Da Kirsimeti ta farko ta zo mini a sabon gida, na yi yadda na ga mahaifina yana yi: na je na yi masa sallama. Daga nan abin ya zama nasa, shekara da shekaru.

Da ikilisiyarmu, wato jama'ar cocinmu, ta zaɓe ni cikin dattawa, sai ya laƙaba mini Limamin Lahadi. Ni kuma ina ce masa Sarkin Hanya. Ranar Alhamis kasuwar Shinkafi ke ci, teloli na jirana a can da kekunansu masu cin zare da masu karya allura. Tun da farar safiya zan ji shi a waje.

"Limamin Lahadi, hito mu tahi, rana ta yi!"

"Sarkin Hanya, motar taka ta yarda ta tashi yau, ko sai mun tura?"

"Ka tura mana ka samu lada. Ba ku ne masu wa'azin taimako ba?"

Gidan gaba, wajen taga, nawa ne. Ko wane alhaji ya zo ya nema, sai ya ce da mai shi. Abin murɗa gilashin tagar ya karye tun da daɗewa, na ajiye wata ƙaramar filaya a aljihun ƙofa, da ita nake sauke gilashin in ɗaga. A hanya in na ɗauko waƙar coci ƙasa-ƙasa, sai ya riƙa buga sitiyari da yatsu. Ya san muryoyin waƙoƙinmu kusan duka, kalmomin ne bai taɓa bari su shiga bakinsa ba. In za mu dawo ya tsaya sallah a gefen hanya, ni ke zama a mota ina tsaron kayan mutane. A lokacin mutum na bin hanyar nan ba ya tsoron komai sai fashewar taya.

Alhamis ɗin da ta rage kafin Kirsimeti kuwa, ba na sayen taure sai da shi. Zai buɗe bakin dabba ya duba haƙora, ya danna ƙugu, ya ja baya ya harari mai sayarwa.

"Wanga ƙashi ne anka lulluɓe da hwata. Kawo wancan mai kaurin wuya."

Wuyan ne damuwarsa, domin a wurinmu wuya rabon mai yanka ne. Nakan ce masa ni nake saye amma shi yake zaɓa wa kansa. Yakan ce to in ban yarda ba in koyi yankan.

Ranar Kirsimeti kuma, bayan ya dawo daga sallar asuba, zan jiyo shi ta bayan katanga yana wasa wuƙa a dutse. Na san ya shirya, shi ma ya san na sani, amma ba zai taɓa shigowa ba sai na zagaya na yi sallama na ce ga taure can a ɗaure. Sannan ya taso da wuƙar a naɗe cikin wani tsohon ƙyalle shuɗi. Sai an ba tauren ruwa ya sha, an haƙa ɗan rami don jini, an juya shi gabas. Ni ke riƙe ƙafafu. Kafin mu dawo daga sujada a coci uwar 'ya'yana ta gama shinkafa da miya, ta jera kwanonin langa, kowane gida da nasa. Langa kuwa ba ya dawowa wayam. Wani ya sako gyaɗa, wani dabino, wani ƙwan zabi. Ranar Sallah kuma abin ya juyo, mu ne masu karɓa.

Ranar da aka ba mu jihar Zamfara tare muka yi murna. Ya sossoke ganyen dogon yaro a jikin motar, muka zaga gari yana danna oda, ni ina ɗaga hannu ta taga kamar wani babba. Yana ta cewa yanzu ba sai mun tafi Sakkwato neman takarda ba, ga Gusau nan kusa.

Bayan 'yan shekaru aka ce za a fara aiki da shari'ar Musulunci. Ina so in faɗi wannan da gaskiya, tunda tsufa ya rage mini son kare kaina. Ga maƙwabtanmu abin farin ciki ne na haƙiƙa, abu ne da suke gani zai kawo adalci ya rage ɓarna. Mu kuwa tsoro ne ya kama mu. An ce ba zai shafe mu ba, amma ba wanda ya san inda zai tsaya. Wasu daga cikin 'yan kudu masu shaguna suka fara ɗaure kaya. Kowace Lahadi sai in ga benci ya ƙara zama fili a coci. Ranar da aka yi babban taro a Gusau, maƙwabcina ya cika motarsa da mutane kyauta, ya dawo muryarsa ta dishe don kabbara. Ina tsaye a ƙofar gidana ya sauko, fuskarsa kamar ta ango. Ya ga tawa a murtuke.

"Kai mi ya dame ka, Limamin Lahadi? Giya kaka sha ko sata kaka yi?"

Wasa ne irin wanda muka saba. Da wata rana ce da na rama, mun yi dariya. Ranar kuwa sai na juya na shiga gida.

Daga baya aka hana masu kabu-kabu ɗaukar mata. Uwar 'ya'yana na da ciwon gwiwa tun haihuwarta ta ƙarshe. Wata rana ta taso daga kasuwa da ƙullin hatsi a ka, ta tsayar da babur uku, ba wanda ya ɗauke ta. Da ƙafa ta iso cikin rana, gwiwar ta kumbura, ta yi mako ba ta taka sosai ba. Ita ta ce mini na ƙarshen har haƙuri ya ba ta, ya ce, "Mama, tsoro nika ji, a gahwarce ni." Ni ban ji wannan ba. Gwiwar kawai nake kallo, kuma duk lokacin da na kalle ta sai in tuna muryar maƙwabcina da ta dishe. Ba shi ya kafa dokar ba, ba shi ya ƙi ɗaukarta ba, amma shi ne kusa, a kansa na sauke komai.

Cikin wannan hali aka yi rikici a wasu garuruwa can nesa da mu, labari na shigowa ta rediyo, ba daɗi. A kwanakin sai na lura ya ɗauke bencinsa daga ƙarƙashin bishiyar ƙofar gidansa, ya kafa shi a ƙofar gidana. Da ya dawo aiki zai zauna nan da rediyonsa da carbi har magariba. Zuciyata ta ce mini yana lura ne da masu shiga da fita wurina. Abin kunya ne, amma haka na ɗauka.

Na daina bin motarsa. In ya kira sai in ce ina da aiki a gari, bayan ya tafi in je in hau wata. Da Kirsimeti ta matso, na je gyaran keke a Badarawa, na sayi taure a can ni kaɗai, na kawo shi a motar wani. Ya gan ni ina jan sa zuwa gida.

"Wa ya zaɓa maka wanga? Wuya awa na zakara!"

Ban yi dariya ba. Na ce, "Haka na samu."

Shekarar Kirsimeti ta faɗo cikin azumi, ana saura kwana biyu Sallah. Uwar 'ya'yana ta riga ta tsara cewa ba da rana za a raba abinci ba, sai dab da shan ruwa, don maƙwabta su buɗe baki da shi yana da zafi. Ta wanke kwanonin langa ta kife tun jajibiri.

Da asuba na ji shi ya fara wasa wuƙa. Na zauna a bakin gado ina saurare. Na sa riga, har na kai zaure. Sai na dawo, na shiga madafa na ɗauko wuƙar da ake yanka albasa. Na kira babban ɗana, wanda a lokacin ya kusa aure, na ce ya riƙe mini. Ya dube ni, ya dubi katanga, ya riƙe. Ban ba tauren ruwa ba, ban haƙa rami ba, ban ma san inda ake sa wuƙar daidai ba. Dabbar ta sha wahala a hannuna, ta daɗe tana kuka. Na ji ƙarar dutsen ta tsaya a bayan katanga, can kuma ta ci gaba.

Rana ta ɗaga, na rataye tauren a reshe ina ta fama da fiɗa, sai na ji sallama. Shi ne, da ƙyallen shuɗi a hannu. Bai taɓa shigowa ba a kira shi ba sai ranar.

"Lahiya dai? Na ji shiru, na ce ko jiki ne."

Sai idonsa ya kai kan reshen. Ya dubi jinin da ya malale a tsakar gida, ya dubi hannuwana. Na ga leɓunansa a bushe, na azumi.

Na ce, "Bana mun hutar da kai."

"Kun hutar da ni," ya maimaita a hankali. Ya gyara naɗin ƙyallen, ya sa a hammata. "To. Barka da Kirsimeti." Ya kai bakin zaure, ya juyo. "In ka zo wurin ciki ka bi a hankali. Kar ka hwasa maɗaciya, nama shi lalace."

Ya fita. Na bi a hankali kamar yadda ya ce, ban fasa ba.

Uwar 'ya'yana na tsaye a ƙofar madafa, ta ga komai. Ba mace ce mai ɗaga murya ba.

"Baban yara, wa zai ci naman nan?"

"Mu."

"Mu shida, taure guda? Langa goma sha na wanke."

Na ce mata ta dubi gwiwarta. Na ce mutumin da ya je ya yi kabbara a kan abin da ya sa ta tafiya a rana, mutumin da ya kafa benci yana ƙirga baƙina, ba shi zan je in durƙusa wa ba.

Ta ce, "Gwiwar tawa ce, ban aike ka ramuwa ba. Benci kuwa, ka taɓa ganin mai hankali ya bar inuwar bishiya ya zauna a rana don ƙirga baƙi? Matarsa ta gaya mini. Cewa ya yi duk wanda zai taɓa gidan nan sai ya fara tsallake shi."

Na tsaya da wuƙar albasa a hannu. Ita kuwa ta shiga akurki ta kamo kajinta biyu, masu ƙwai, waɗanda take ji da su. Ta yafa gyale, ta ɗingisa ta zagaya. Ina ji ta katanga tana cewa, "Malam, a taimaka mini da yanka." Na ji ya amsa, na ji fuka-fukai. Ta dafa su a tukunya dabam. Kaji biyu ba za su cika langa goma sha ba, sai kowane gida ya samu tsoka ɗaya a kan shinkafa, aka kai dab da magariba.

A coci ranar ni aka ba addu'ar godiya. Na ɗaga hannuwana, ƙarnin taure na tashi daga cikinsu duk da sabulun da na sa.

Naman muka ci, muka soya, muka rarraba wa 'yan ikilisiya. Wuyan ta dafa shi daban, ta ajiye a gabana da daddare wajen cin tuwo, ta ce, "Naka ne. Kai ka yanka." Ban iya ci ba. Ranar Sallah kuma matarsa da kanta ta shigo da langa, masa da miyar taushe, kamar ba abin da ya faru. Wannan na ci. Na ci har na suɗe hannu, ban aika da ko sannu ba.

Da a ranar na zagaya na ce na yi kuskure, da magana ta ƙare. Taku ashirin ne tsakanin ƙofata da tasa. Na ce sai bayan Sallah. Bayan Sallah na ce sai mun haɗu mu biyu. Kowace rana da ta wuce sai abin ya ƙara nauyi, har ya zama ban san ta inda zan ɗauko shi ba. Shekara uku muka yi a haka. Muna gaisawa. "Ina kwana, Malam." "Lahiya lau, Malam." Limamin Lahadi da Sarkin Hanya suka ɓace daga unguwa, har mutane suka daina tambaya.

Shi dai bai fasa abin da ya saba ba. In ya ga uwar 'ya'yana a hanya da kaya zai tsaya ya ɗauke ta. In albasa ta yi araha a Shinkafi, za ta shigo gidanmu ta hannun matarsa. Ita ma uwar 'ya'yana ba ta fasa ba. Ta ajiye randa a zaure da moɗa a kai, duk mai wucewa ya sha, har masu kabu-kabun da suka bar ta a rana. In an haihu tana can, in an yi rashi tana can da ƙwaryar kunu. Na taɓa ce mata duk wannan ba zai canza komai a ƙasar ba. Ta ce, "Ni ban iya gyara ƙasa ba. Langa na iya cikawa. Ubangiji bai tambaye ni abin da ban iya ba." Kirsimeti biyu da suka biyo, nama take sayowa wurin mahauta don kowa ya ci. Da asuba nakan kasa kunne, ba ƙarar dutse.

Abin da ya fi damuna, ni ne mai tsayawa gaban jama'a. An koya mana cewa wanda ya kawo baiko, wato hadaya, gaban Allah, ya tuna ɗan'uwansa na da damuwa da shi, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Ni da bakina na sha koya wa matasa wannan. Akwai ranar da ake jibin Ubangiji, inda ake zagayawa da gurasa da ƙoƙo a coci, ƙoƙon ya iso gabana, na miƙa wa na kusa da ni ban sha ba. Fasto ya tambaye ni daga baya ko lafiya. Na ce ciki ne.

A shekara ta uku, da bazara, ya faɗi a tasha yana ɗaure kaya. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallame shi daga asibiti, 'ya'yansa suka ce za su mayar da shi gida Zurmi, cikin dangi. A motarsa aka shimfiɗa masa katifa a baya, babban ɗansa ke tuƙi. Unguwa ta taru. Na tsaya cikin mutane, na ce, "Allah ya ƙara sauƙi," kamar yadda kowa ke cewa. Ya dube ni daga kan katifar, ya daɗe yana dubana. Motar ta tashi ba tare da an tura ba.

A makon ne akuyar uwar 'ya'yana ta haihu. Ta ware ɗa namiji guda, ta sa aka dandaƙe shi, ta shiga kiwonsa da dusa da harawa da ɓawon wake. Watanni suka wuce, taure ya yi ƙiba har yana sheƙi. Ana saura kwana biyu Kirsimeti ta tsaya a kaina ina gyaran wani keke.

"Tauren nan ba za a yanka shi a gidan nan ba. Motar Zurmi na tashi da safe."

"In na je me zan ce?"

"Abin da ka saba cewa."

Ranar jajibiri na hau mota da taure da langa cike da cincin. A Zurmi na sauka ina tambayar gidan direban da ya dawo daga Kaura ba lafiya. Tauren ya ƙi tafiya, ina ja yana turjewa, masu shayi na dariya, wani ya ce, "Baba, kasuwa ba yau ba ce!" Haka na isa.

Na same shi a ƙofar zaure kan tabarma, an jingina shi da bango yana shan hantsi. Ya rame. Hannun dama na kwance a cinyarsa, bakinsa ya ɗan karkace. Tauren ya fara kallo kafin ni. Maganarsa na fita a hankali, amma ana ganewa.

"Wa ya zaɓi wanga?"

"Uwar yara ta kiwata shi."

"Shi ya sa. Ga wuya."

Na ɗaure igiyar a turke, na cire takalmi, na tsuguna a gefen tabarmar. Duk abin da na shirya a mota ya gudu. Na ce, "Salamu alaikum. Ga taure can a ɗaure."

Ya ɗaga hannun daman da na hagu, ya sake shi ya faɗi.

"Ka makara, Limamin Lahadi. Hannun ya tahi."

Da na ji sunan nan sai hawaye suka zubo mini, ni da furfurata, a bakin titi. Na ce masa na yi masa laifi. Na ce na ji yana wasa wuƙa na ƙi zuwa da gangan, don in ɓata masa rai. Na gaya masa har abin da na zata game da benci, don ban so in rage komai. Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Benci kam ka cuce ni. Rana ta gasa ni kwana da kwanaki." Ya ɗan yi dariya, rabin bakinsa kawai ya motsa. Sannan ya ce, "Ka san malamanmu ma, wasu sun ce yankanku ya halatta. Da ka aiko da naman wataƙila da na ci. Sallamarka nika jira. Na ji kukan dabbar, na ce a'a, ƙaho ne ya maƙale mata. Na zauna da wuƙa har rana ta hau katanga."

"Me ya sa ba ka taɓa yi mini magana ba?"

"Kai kaɗai ke da zuciya? Ni ma na yi hushi. Kuma zancen giya da sata da na yi maka, ranar ba ranar wasa ba ce, na ga huskarka. Mu yahe ma juna, Allah shi yahe muna."

Ya ɗaga murya ya kira matarsa. Ta leƙo, ta gan ni, ta tafa hannu tana salati, ta hau tambayar gwiwar ƙawarta. Ya ce ta ɗauko wuƙa da dutse. Ƙyallen nan ne dai shuɗi, wuƙar ta ɗan yi tsatsa. Ya ce in riƙe masa dutsen. Na danne shi da hannu biyu a kan tabarma, shi kuma ya riƙa jan wuƙar da hagu, tana zamewa, yana sakewa. Ba wani kaifi ta yi ba, babban ɗansa ne ya ƙarasa daga baya. Amma ƙarar ita ce dai wadda na sani.

Ɗan ne ya yanka, ni na riƙe ƙafafu, shi yana ba da umarni daga zaune.

"Ku ba shi ruwa tukuna. Ramin bai yi zurhi ba. Juya shi gabas, kai. Limamin Lahadi, riƙe da kyau, wannan kaɗai ka iya!"

Aka dafa wuyan har ya yi laushi, tunda tauna na ba shi wuya. Matarsa ta zare naman daga ƙashi, ya ci da hagu, romo na zuba a rigarsa, bai damu ba. Ya ce in ɗauko masa waƙar nan da nake yi in mun wuce Katuru. Na yi ta ƙasa-ƙasa, yana buga gwiwarsa da yatsu. Na bar musu rabin naman, aka naɗe mini rabi don gida da unguwa. Langan cincin ya dawo cike da gyaɗa.

Bai kai wata Kirsimetin ba, da damina ya rasu. Uwar 'ya'yana ma yau ba ta. Nakan zauna in tuna cewa Alhamis ɗin shekara uku na zubar da hannuna, ina da lafiya yana da lafiya, katanga ɗaya tsakaninmu. An yafe mini, na gaskata haka, amma kwanakin ba su dawo ba.

Da la'asar ranar da na je Zurmin, ya ce ɗansa ya mayar da ni Kaura, tunda da ma yana da lodi. Motar na cike, wani mai hatsi ya riga ya zauna a gaba. Na nufi baya da ƙullin namana. Sai ɗan ya zagayo ya yi wa mutumin magana a hankali, ya buɗe mini ƙofa.

"Baba ya ce gidan gaba da mai shi."

Na shiga na zauna wajen taga. Gilashin na rufe, ga zafi. Na zura hannu a aljihun ƙofa, filayata na nan inda na bar ta. Na sauke gilashin, na leƙa. Yana jingine da bango, ya ɗaga mini hannun hagu.